Mun Yi Aron Kujeru Ranar Da Aka Zo Duba Talaucinmu

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Admin a ɓoye sunana, abokan Babanmu sun cika group ɗin nan. Don Allah ku ba ni shawara, amma a hankali, zagin da na sha a gida ya ishe ni har Sallah.

Shekarata sha shida, a Fagge muke. Kakata ta wajen uba, Inna, ta samu shanyewar ɓarin jiki bara, baki ne kawai ya tsira, daga kan gado take zagin mai ruwa a zaure. Baba shagon wani yake tsarewa a kasuwar Kwari, Umma ɗinki take yi a gida.

Sai ƙaramar hukuma ta kawo wani shiri, ana turo ma'aikaciya sau uku a sati ta yi wa tsofaffi wanka, ta juya su, ta motsa musu gaɓoɓi. Mu aka turo mana Maman Chika daga Sabon Gari, Hausarta ta fi tawa. Inna kuwa laƙabin Sajan ta sa mata, kamar soja. "Ke Sajan, ɓalla ni za ki yi?" Ita kuma ta ce, "Mama ɗaga hannun nan, ba hira na zo ba." Watan farko kyauta ne, a cikinsa gyambon da kwanciya ta jawo wa Inna a baya ya fara bushewa, har cokali ta riƙe da kanta.

Ashe bayan nan biya ake yi, kuma kuɗin ba ɗaya ba ne. Jami'a ce take zuwa ta ga gidanku ta sa ku a rukuni, marasa hali su biya ɗan kaɗan, masu hali su biya duka. Umma dai abin da ta ji shi ne baƙi za su zo daga sakatariya, kun kuwa san mu da baƙo. Aka kwaso kujeru da kafet daga gidan Iya Basira maƙwabciyarmu, har da firjinta, ba a ma jona shi ba. Aka soya kaza, aka turara gida kamar za a kawo amarya, aka sa wa Inna leshi da sarƙar aro ta zama kamar matar gwamna.

Matar ta zo ta ci ta sha tana rubutu. Ta tambaye ni sana'ar Baba, ni kuma da bakina da ba ya zama, na ce, "Hajiya, in Babana ya yi atishawa a Kwari sai kuɗin atamfa ya tashi." Na ƙara da cewa muna da kawu a Jidda. Muna da shi ɗin, mota yake wankewa, ko gaisuwa ba ya aikowa. Ta yi dariya, Umma ma ta yi, har tana jin daɗi na fitar da ita kunya.

Da takarda ta zo, rukunin masu hali aka sa mu, kuɗin wata ya kusa cinye albashin Baba. Ya ce bakina ne ya kashe shi, Umma ta ce ai asirinsa ta rufa, ya ce wa ya aike ta, kwana uku ba su yi magana ba. Abin da yake ci min rai, da mun bar Inna kan yagaggiyar tabarma tana wari da an tausaya mana. Mun gyara ta don kar a raina mu, shi ne laifin.

Sati biyu ke nan Maman Chika ba ta zuwa, tunda ba mu biya ba. Ni da Umma muke juya Inna, ba mu iya ba, shekaranjiya saura kaɗan mu kayar da ita. Gyambon ya dawo yana ruwa. Yanzu ko zagin ba ta yi.

Daga makaranta na wuce sakatariya ba wanda ya sani. Aka ce za a sake dubawa in mai unguwa ya rubuta cewa maigidan ba shi da hali, sannan maigidan ko majinyaciyar ɗaya ya dangwala a fom ɗin da suka ba ni. Da na faɗa wa Baba, rantsuwa ya yi, ya ce sahu ɗaya suke sallah da mai unguwa, ba zai je ya ce masa ya kasa riƙe uwarsa ba. Inna tana ji. Da ya fita ta kira ni ta ce, "Kawo takardar, ja'ira, yatsan hagu yana aiki. Amma kar ubanki ya ji." Ta dangwala.

Fom ɗin yana jakata, Litinin ake rufe karɓa. In na kai wa mai unguwa dole Baba ya ji, kuma na san ba zai ƙara ɗaga kai a layinmu ba, ni ma ba zai ƙara kallona kamar da ba. In na ajiye, bayan Inna ne zai ci gaba da ruɓewa. Ku da kuke da iyaye da kakanni, in kai ko in yaga?