Fitila Mai Tsoron Ruwa

Bur Dubai, 4 ga Maris

Yaya Haoua,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidanki da yara, da fatan kowa lafiya. Ki gaida Baba, ki ce ina tambayar idonsa. Tunda har yanzu ba ya karɓar waya in ya ji ni ne, ga takarda ta hannun Hajiya Jummai mai kaya, da hotunan kifi shida kamar kullum. Wannan shafin ki karanta masa.

Baba, an ce ka ce hotunan sun cika haske, ruwan da ka sani ba haka yake ba. Gaskiyarka. Ruwa yana cinye launi. Ja ne ke fara ɓacewa, in aka ƙara nisa komai ya koma shuɗi-shuɗi. Shi ya sa ake sauka da fitilu biyu ɗaure a hannuwan kyamara, su walƙa daidai lokacin da aka danna, sannan kifi ya fito da launinsa. Aiki lafiya lau.

Yaya, wannan shafin na biyu naki ne ke kaɗai.

Kin san ban taɓa ɗaukar ko ɗaya daga cikin hotunan nan ba. Ni mai gyara ne a shagon Zainul Abideen a Al Sabkha, shekara tara ina gyara fitilun masu nutso ina zaune a busasshen benci. Hotunan na Fahad ne, wani Balarabe mai kawo mana aiki. To, fitilarsa ta hagu ta sa ni gaba. Sau uku yana dawowa da ita. A kan tebur ta walƙa sau ɗari. A bahon ruwan da muke gwaji ta walƙa har ido ya gaji. Na canja batir, na goge bakin ƙarfe, na zare zoben robar da ke hana ruwa shiga na duba ko gashi ɗaya ya maƙale, na shafa masa mai na mayar. Da ya sauka teku sai ta yi gum. Jiya ya ajiye ta a gabana ya ce, "Khalas, habibi, ya isa haka. Ka zo ka gani da idonka." Zainul Abideen ya ce haka za a yi.

Ni da ko a abra, kwale-kwalen da ke tsallakar da mu zuwa aiki, tsakiya nake zama ina kallon takalmina. Mu shida ne a ɗaki, ba wanda zan gaya wa wannan ya fahimta. Tsoro nake ji, Yaya.

Ƙaninki,
Nafiou

Madarounfa, 29 ga Maris

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, zafi ya fara. Yara suna gaida kawunsu na teku.

Ashe fitila ta sami ɗan'uwanta. A tudu zaki, a ruwa shiru. Na yi dariya ni kaɗai a madafa har maigidan ya leƙo. Kada ka ji haushi, ni na goya ka, ina da izini.

Amma bari in gaya maka abin da ba na dariya ba. Mun kai Baba Maraɗi. Likita ya ce ba yanar ido ce kaɗai ba, jijiyar ce ke mutuwa, opération ba za ta dawo da komai ba. Hotunanka a bakin hanci yake riƙe su yanzu. Ya daɗe a kan jan kifin nan, sannan ya ce, "Wanga kifi ya yi kwalliya kamar mai zuwa biki. Ki ce mishi ya aiko mini ruwan yadda yake, ba fitila." Ka ji saƙonsa.

Na san abin da ke cin ka. Ranar nan ce a bakin tafki, kana shekara tara, ka ƙanƙame gora kana ihu, Baba ya ce a gaban masunta wannan ba ɗan ruwa ba ne. Ka riƙe maganar shekara talatin. Shi kuma ya riƙe cewa ka tafi ba ka yi masa sallama ba. Ku biyun kanku ɗaya, dutse. Ni ce a tsakiya ina karanta shafi ɗaya ina cusa ɗaya a ƙarƙashin tabarma, kuma na gaji. Idonsa ba zai kai damina ba. In akwai abin da kake so ya gani daga hannunka na gaske, ba ka da lokaci mai yawa.

Ka ci abinci. Hajiya Jummai ta ce ka rame.

Yayarka,
Haoua

Bur Dubai, 2 ga Mayu

Yaya Haoua,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. Baba, ina gaishe ka. Ga hoton da ka nema, ba fitila. Allah ya ba ka sauƙi.

Yaya, ga naki.

Na sauka. Sai da Fahad ya kai ni tafkin koyon iyo sau takwas tukuna, ni ƙato ina riƙe da gefe ana ba ni haƙuri. Ranar Asabar da safe muka fita da jirgi ta wajen Jumeirah. Aka ɗaura mini tukunyar iska, Fahad ya riƙe mini wuyan hannu, muka bi igiya ƙasa. Mita shida ne kawai, amma ni a wurina ƙarshen duniya ne.

Abin da ba wanda ya taɓa gaya mini da kyau shi ne kunne. Tun a mita uku na ji kamar ana murɗa mini ƙusa a kunnen dama. Fahad yana ta nuna mini in toshe hanci in hura, na manta duk abin da aka koya mini, hawaye ya cika gilashin fuskata. Har yau in na haɗiye abinci sai ya yi ƙara.

Da muka isa ƙasa na durƙusa a kan yashi na zuba wa hannunsa ido. Sai na ga abin da tebur ba zai taɓa nuna mini ba. Kafin ya ɗauka, yana buɗe hannuwan fitilun har ƙarshe, gefe da gefe, don kada haske ya bugi ƙurar ruwa ta fito fari-fari a hoto. Akwai siririyar waya da ke kai haske daga kyamara zuwa fitila ta ce mata walƙa. In ya buɗe hannun hagu sai ta miƙe, kuma ashe ta tsage a ciki daidai lanƙwasa. A shago hannuwan a naɗe suke, tsagar a rufe. Wata uku ina zargin fitila, alhali lafiyarta ƙalau, saƙon ne ba ya isa gare ta. Da muka koma shago, gyaran bai kai minti biyar ba.

Kafin mu hau na karɓi kyamarar, na kashe fitilar dama, ta hagun kuwa ba ta walƙa, na danna. Shi ne hoton. Kore-kore ne, duhu-duhu, da inuwar wani kifi da ban san sunansa ba. Irinsa Fahad goge su yake yi. Shi ne hoto na farko da na taɓa ɗauka.

Da yamma na zauna a gefen abra na sa hannu a ruwa. Na waiga in gaya wa wani, duk wanda na kalla yana kallon wayarsa. Na sayi shayi biyu a bakin gaɓa ban san dalili ba, na shanye su duka. Ban taɓa jin kewar gida irin ta ranar ba.

Ki ce masa kawai ga hoto. Sauran ki bar shi a ƙarƙashin tabarma.

Ƙaninki,
Nafiou

Madarounfa, 27 ga Mayu

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa.

Hoton ya makara. Baba ya juya shi sama ya juya shi ƙasa, ya kai shi hasken ƙofa, bai ga komai ba. Na fara kwatanta masa, ya ɗaga mini hannu. Ya ce in ba shi takardar. Ya murza ta da yatsu ya ce, "Biyu ce. Kullum biyu ce, ɗaya kike karantawa. Karanta ɗayar."

Na karanta, Nafiou. Duka, har shayin.

Da na zo wurin kunne ya ce in maimaita. Na maimaita. Sannan ya ce, "Shekara tara yana aiko mini kifi, bai taɓa kukan kunne ba. Ni da na yi shekara arba'in ina nutso ina kwance taru, ni za a gaya ma? Na sani tun hoto na fari. Yanzu kam ya shiga."

Na ce to me ya hana ka faɗa? Ya ce in ya faɗa takardun za su daina zuwa. Ni ce na yi kukan, shi ya juya fuska bango.

Ga saƙonsa, ya sa na rubuta yadda ya faɗa. Ka riƙa haɗiye yawu tun daga sama, kada ka jira sai ya fara ciwo. Kada ka sauka da mura. Kuma wai wane irin kifi ne ɗan masunci zai gani ya ce bai san sunansa ba, ka koma ka duba shi da kyau ka zo da bayani.

Hoton yana aljihun rigarsa. Masu launin ya ba yara.

Yayarka,
Haoua

Bur Dubai, 15 ga Yuni

Baba,

Assalamu alaikum. Na ji saƙo, na gode. Na koma, na haɗiye yawu tun daga sama, kunnen bai yi ciwo ba. Kifin yana da faɗi kamar karfasa, da baƙin ɗigo kusa da wutsiya. Sauran bayanin sai na zo, na nemi hutu a watan Agusta. Ka yafe mini tafiyar da na yi ba sallama.

Yaya, ki ba shi ya murza kafin ki karanta. Takarda ɗaya ce.

Ɗanka,
Nafiou