Bayan Agogon Alhaji

Daren Laraba, Ruwan Godiya

Yau na buɗe kwallar da na adana agogon zinaren marigayi Alhaji, don ɗanmu Sani zai sa shi ranar ɗaurin aurensa. Tun rasuwar na naɗe shi a ƙyalle tare da kwalbar turarensa. Ashe ya dushe, bayansa ya yi baƙi kamar gindin tukunya.

Sani ya ce, "Inna, bari in kai shi Ƙanƙara ran kasuwa a goge, ya koma sabo."

Na yi ta juya shi. Duhun nan daidai inda yake taɓa fatar Alhaji yake. Mutumin da ko gona za shi sai da agogonsa, yana huɗa zinare na walƙiya, mutane na dariya. Da na shinshina, sai na gan shi tsaye a zaure, ya duba agogo, ya ɗaga kai ya duba rana ko ta yarda.

Ana yayyafi yanzu, agogon yana ƙarƙashin matashina. Gobe zan ce wa Sani a goge fuskar kawai. Bayan kam a bar shi, gumin ubansa ya taɓa nasa.