Kada A Raba Ni Da Mai Ɗanɗana Miya

Zuwa ga Alhaji, Shugaban ƙungiyarmu ta masu shaguna a Small Heath,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Tun ina saurayi a Gusau wani direba ya ce mini 'ya'yan Turawa ma suna tafiya ci-rani, da jaka a goye kamar jariri. Na ce ƙarya yake. Sai ga shi na tsufa ina sayar da tuwo a Birmingham, su ke wanke mini tukwane. Yanzu kuma na ji ƙungiya za ta kafa doka, kada a ɗauki ma'aikacin da ba zai shekara ba. Ranka ya daɗe, ina da ƙorafi.

Na ɗaya, azumi ya matso. Ni da mai girkina da yaranmu 'yan jami'a bakinmu a rufe yake har magariba, miya kuwa tun azahar take kan wuta. Wa zai ji mana gishiri da yaji? Bara Tom ne ya yi, wani dogo ɗan New Zealand, takardunsa na aiki a cike. Ranar farko barkono ya sa shi hawaye, muka ɗauka miyar ce ta ɓaci, muka maka mata ruwa. Masu buɗa-baki suka sha romo da sunan taushe. Daga baya muka gane ma'auninsa: in hawaye ne kawai, ta yi, in ya nemi madara, an zarce. Ana kiran salla kuma shi ke tsare kantar shago mu tafi masallaci. Bana ƙanwarsa ya turo mini, tana Manchester tana jiran amsata.

Na biyu, ana cewa 'ya'yan Turawan nan suna kwashe kuɗi su gudu. Alhaji, mu ne masu aikawa gida. Nasu a layin nan yake ƙarewa, wajen mai aski da mai gidan haya da kuɗin bas.

Ban ce ba su da aibi ba. Kana gama koya wa mutum tuƙin tuwo sai ya ce zai je kallon duwatsun Scotland. To amma mu da muka ce wa iyayenmu shekara biyu za mu yi, gara su, in sun ce za su tafi suna tafiya.

Roƙona a jingine dokar nan, ko a bar mana watan azumi. Allah ya ƙara maka lafiya, ya taya ka riƙon jama'a, ya sa mu ga watan lafiya.

In kuma ka ce ba a yi maganar ba, wadda ta gaya mini ta ƙarshe Hajiya Uwani ce, mai ɗakinka, jiya da ta zo sayen miya.

Wassalam,
Malam Isa mai tuwo