Hannunka a Bangon Zaure

Zuwa ga mahaifina, Malam Ilu Magini,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, 'yarka Hadiza ce daga Manchester. Shekara huɗu ke nan da rasuwarka. Yau da laifi na zo maka, kuma gara ka ji daga bakina.

Makon jiya Yaya Sani ya kira ni, ya ce zauren gidanmu ya tsufa, yana so a rushe a tayar da na bulo. Kowa ya yarda, ni kaɗai na rage. Ina tsaye a ɗakin gwaje-gwaje, hankalina yana kan aiki, na ce a rushe mana, wa yake ginin ƙasa yanzu? Ko numfashi ban ja ba, Baba, alhali da hannunka ka gina shi.

Ranar Asabar ruwa ya tare ni ina jiran bas ɗin unguwar Moss Side, sai na fake a gidan tarihin da ke kusa da jami'a. Shekara uku ina wuce ƙofarsa ban taɓa leƙawa ba. Ƙafa ta kai ni ɓangaren mutanen Masar na dā.

Baba, na ga ikon Allah. Ginshiƙin dutse da aka sassaƙe sumul, babu inji babu lantarki. Akwatunan gawa da aka zane ciki da waje, tsuntsu gashi bayan gashi, shuɗin kamar jiya aka shafa. Ni da ba na iya yin shiru, sai ga ni na saki baki. Na tuna abin da kake faɗa in an ambaci dalar Masar: Fir'auna bai taɓa ɗaukar tubali ko ɗaya ba, talakawa ne suka yi gumin, shi ya kwashe sunan.

Can a lungu, inda ba kowa, na ga tubalin ƙasa a cikin gilashi. Da ciyawa aka kwaɓa shi, kamar yadda kake yi. Nasu mai kusurwa huɗu ne, ba mulmulalle irin naka ba. A gefensa akwai shatin yatsun wanda ya ɗaga shi tun yana ɗanye. Shekaru dubbai, ba a san sunansa ba, ba a san garinsu ba, amma ga yatsunsa.

Wajen fita na buɗe wani littafi na zanen kogo. Shanu da dawakai, irin jajayen shanun nan na jikin dutse da ka kai ni na gani a Birnin Kudu, ka ce sun girmi kakan kakan kowa. Da na juya shafi sai ga hannaye. Mutum ya ɗora tafinsa a kan dutse, ya fesa jar ƙasa da baki, ya ɗauke. Waɗannan sun riga Masar da nisa. Wasu hannayen ma yatsunsu ba su cika ba.

Kai ma naka huɗu da rabi ne, tun da azara ta danne maka ƙaramin.

Duk ginin da ka gama, sai ka danna tafinka a ɗanyen yaɓe daga ciki, gefen ƙofa. Ka ce liman yana da hatimi, kai ma ga naka. Ranar da ka gama zaurenmu ina da shekara biyar. Ka kama hannuna ka danna kusa da naka, na yi ta ihu wai ka ɓata min lalle.

Sauran kuma ka sani. Da na shiga jami'a a Kano, na ce wa ƙawayena babana ɗan kwangila ne. Da za su zo bikin Yaya, na tayar da rigima sai an shafe bangon nan da siminti an yi fenti, kada a ga ƙauyanci. Ba ka yi min faɗa ba. Kai da kanka ka kwaɓa simintin, ka shafe, ka wanke hannu ka tafi masallaci. Na daɗe ina jin kunyar wannan, ban taɓa ba ka haƙuri ba.

A kan matakalar gidan tarihin na kira Yaya, ruwa yana dukana. Ashe tun safe leburori suka fara. Rufi ya tafi, zankwaye sun tafi, bangon gabas mai ƙofa kaɗai ya rage. Na roƙe shi ya dakatar da su. Ka san Yaya da mita, sai da ya tuna min sau uku cewa ni ce na ce a rushe. Na ce na ji, na ci kashi, ya dai ɓamɓare simintin gefen ƙofa a hankali.

Bayan la'asar ya turo hoto. Simintin ya ɓalle a dunƙule, domin a ƙarƙashinsa akwai takardar buhun siminti, an ninke ta biyu an rufe wurin da kyau. Ashe kafin ka shafe sai da ka lulluɓe hannayenmu, don kada siminti ya cike shatin. Ga su nan garau, babba mai yatsu huɗu da rabi, da ƙarami a gefensa.

Ka san wata rana wani zai zo nema. Ka yi min haƙurin shekara goma sha biyar ba tare da ka ce uffan ba.

Bangon gabas zai tsaya, Baba. Yaya ya ce sabon ginin zai kewaye shi. In na dawo zan ɗora hannuna a cikin naka, na san har yanzu ba zai cika shi ba.

Ka yafe min. Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya sanyaya maka ƙasar da ka yi rayuwarka kana taɓawa. Allah ya gina maka gida a Aljanna wanda ba mai rushewa. Amin.

Taka har kullum,
Hadiza, 'yar magini