Madarar Kawu Bello

Kazaure, daren Laraba, watan Sha'aban

Jibi zan koma Doha, ranar Lahadi kuma in tsaya gaban na'urar hoton ƙirji. Sai likitansu ya sa hannu za a sabunta mini takardar zama. Idan suka ga tabon tarin fukan da na yi ina sakandare, suna iya raba ni da aikin fassarar da nake yi a can, su sako ni a jirgi. Na karanta ƙa'idarsu har na haddace, ba ta damu da cewa na warke tuntuni ba.

Da la'asar Kawu Bello ya zo daga Roni a kan babur, da jarka cike da madarar shanunsa.

"Ka yi ta sha har ka tafi," in ji shi. "Direbobin da ke zuwa Saudiyya sun ce tana faranta ƙirji, hoto ba ya ganin komai."

Na ce, "Kawu, madara ciki take shiga, ba huhu ba."

"Kai dai sha, ɗan boko! Kai ka ƙera na'urar?"

Na yi dariya, na karɓi ƙwaryar da ya cika mini. Tsoron yana nan.

Duk da haka ba zan ɓoye komai ba. Wata shida na yi ina haɗiyar ƙwayoyi, Inna tana tsaye a kaina kullum da asuba. Tabon nan shaidar mun yi nasara ce. Su kalle shi da kyau. In sun kore ni, na san hanyar gida.

Madarar kam na shanye, don tana da daɗi.