Na'urar da Aka Jona wa Motar Baba

Yaya Sabo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da Yaya Binta da yara. Yaya ruwan Fatakwal, yaya aiki? Mu nan Gumel sai godiya.

Ka san yadda a-kori-kurar da Baba ya bar mana take nawa kafin ta tashi. Makon jiya wani rewaya a Maigatari ya jona mata 'yar na'ura tsakanin totur ɗin ƙafa da kwamfutar injin. Na tambaye shi daga ina ƙarfin zai fito. Ya ce, "Malam, ban ƙara mata ƙarfi ba, saurin jin ƙafarka kawai na koya mata."

A Gagarawa Tasha na gwada. Ina taɓa totur ta zabura, har ragunan da na ɗauko suka zube kan juna. Abin ya burge ni, amma wannan zabura ba za ta gajiyar da injin ba? Kai ka san mota. In ka ce a cire, zan cire, don ba tawa ce ni kaɗai ba.

Ka sa mu a addu'a. Inna tana gaishe ka, ta ce ba za ta sake shiga motar ba sai ka amsa.

Ƙaninka,
Habu