Baba, Rana Ce Ta Ɗauke Maka Labarai

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Habu tela.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da mahaifi, da fatan kana kwance cikin rahamar Ubangiji. Ni ce autarka Hajara, daga Abbasiya a birnin Alƙahira, shekara huɗu da rasuwarka. Ƙara na kawo: ana yawo da sunanka ana neman tare mini hanya.

Ka tuna rediyonka mai rigar fata da kake ratayewa kusa da keken ɗinki? Ran nan ana tsakiyar labaran rana murya ta ɗauke, sai shuuu. Ka murɗa, ka bubbuga, ka ja eriya har ƙarshe, sannan ka juyo ka ce, "Hajara, hannunki ba ya zama wuri ɗaya." Na yi rantsuwar duniyar nan, ko kallona ba ka yi ba. Ka zare batiran ka jera a kan katanga, wai su sha rana su yi ƙarfi. Da ka mayar, murya ta dawo tangaran, ka wuni kana yabon dabararka.

To Baba, yau na zo da hujjata. Ranar nan ta sama da ka kai wa batiranka neman magani, ita ce ɓarauniyar. Tana da lokutan da take tumbatsa ta yi aman wuta, haskensa ya daki can saman da muryar gajeren zango ke bi ta iso Azare, sai tasha ta ɓace. In ta lafa, murya ta dawo. Batir bai san hawa ba bai san sauka ba, ni ma haka.

Burbushin aman nan kuma, in ya iso duniya bayan 'yan kwanaki, ƙarfin maganaɗisun ƙasa kan ja shi zuwa ƙuryar arewa da ƙuryar kudu. Can yake karo da iskar sama, sai samaniya ta kama da haske kore da ja kamar an shanya atamfa. Turawa na kiransa orora, malamanmu a nan na cewa shafaƙul ƙuɗbi. Shi nake karantawa. Shekara shida ke nan ban taɓa sa shi a ido ba sai a kwamfuta, don Masar ta yi masa nisa. Yanzu an zaɓe ni cikin masu zuwa wata tashar awo a arewacin Norway, wata uku.

Yaya Sani ya ce ba inda za ni. Ya tara Kawu da su Gwaggo ya ce ka bar wasiyya: karatun addini aka turo ni, ba leƙen asirin Ubangiji ba. Wai in shafaƙi nake so, ga shi nan kullum bayan magariba.

Baba, ni na baro Masar na zo jinyarka, ina riƙe da hannunka ka cika, kuma ban ji wannan wasiyya ba. Abin da na tashi ina ji a bakinka shi ne, "Matambayi ba ya ɓata." Wanda ya halicci ranar shi ya ce a yi tunani cikin halittarsa, kuma Yaya bai fi shi kishin samaniyarsa ba.

Ba zan ɓoye maka ba, ina jin tsoro. Ina tsoron sanyin can, ina tsoron Yaya ya daina ɗaga wayata, don duk taurin kansa ɗan'uwana ne kuma ina sonsa. Kewarka kuwa, Babana, wani lokacin a cikin jirgin ƙasa take kama ni, in juya fuska jikin taga kada matan Misirawa su fara yi mini ma'alish, wato ban haƙuri irin nasu.

Amma jiya na kai fasfona ofishin jakadanci, na dangwala yatsa. Halas, in ji mutanen nan, wato an gama, bakin alƙalami ya bushe. In kuskure na yi, ka ajiye faɗanka sai mun haɗu, zan durƙusa in saurara har ka gama. Abin da ba zan karɓa ba shi ne maganar da aka sa maka a baki bayan an rufe ka da ƙasa.

Allah ya haskaka makwancinka, ya yafe maka, ya yafe wa Yaya Sani abin da ya faɗa da sunanka. Ni kuma ya kai ni lafiya, don tafiya babu fashi.

Taka har kullum,
Hajara.